Kar a Taba

"Sake dannawa," in ji Manaja.

Injiniya ta sake dannawa. Allon kwamfutar ya yi fari fat, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi kamar mai neman abin da ta yar, sannan saƙon ɗazu ya dawo: ba a sami abin da ake nema ba, ƙila an goge shi ko an sauya masa wuri.

"To ki kashe ki kunna."

"Ranka ya daɗe, na kashe na kunna. Mai Zane ta kashe ta kunna. Shi ma mai maɗaba'a ya ce firji ne kawai bai kashe ya kunna ba."

Manaja bai yi dariya ba. Yana tsaye a kanta, hannu ɗaya a bayan kujerarta, ɗayan riƙe da wayar da ke ta ruri ya ƙi ɗauka.

Kamfanin nasu littattafan firamare yake wallafawa. Tun bara aka kwashe duk aikin aka zuba a rumbun ajiya na intanet, wanda masu sayar da shi ke kira gajimare, ko da yake duk wanda ya taɓa sa rai da gajimare ya san halinsa. Daga ranar ba a ƙara aika wa kowa fayil ba. Sai dai a tura wa mutum mahaɗi, ɗan shuɗin layin nan da 'yan ofis ke kira linki, ya danna ya buɗe. Shafukan littafi ma ta mahaɗi suke janyo hotunansu. To a safiyar nan ta Litinin aka wayi gari mahaɗan sun mutu, kusan dukansu. Mai maɗaba'a ya buɗe littafin aji huɗu ya tarar da akwatuna wayam a inda ya kamata a ga koguna da taswira. Ya ce zai riƙe musu injinsa zuwa lokacin tashi daga aiki. In ba su gyara ba zai ɗora aikin wasu, su kuma su koma bayan layi, a buɗe makarantu babu littafi.

"Wani ne ya yi mana wannan," Manaja ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Ko wane ne, na rantse yau zai tattara nasa ya nasa."

Kowa ya san masu kamfanin sun daɗe suna matsa masa ya rage mutum ɗaya, shi kuma ya rasa dalilin da zai kama.

Ana ɗauka gwanin kwamfuta shi ne mai saurin yatsa. Injiniya ba ta da sauri. Mace ce mai nauyin jiki da nauyin baki, uwar yara uku, wadda in tana tunani takan tura tabarau saman goshi ta manta da shi a can. Abin da ta fi kowa da shi karatu ne: tana karanta abin da mutane ke tsallakewa. Ta kwafi mataccen mahaɗin ta zuba shi a farin shafi, ta ƙara masa girma, ta bi shi da ido gaɓa gaɓa. A tsakiyar tarkacen alamomin ta ga sunaye: Aji Hudu, sai Labarin Kasa, sai Taswirori. Sannan ta bar mahaɗin, ta shiga rumbun ta babbar ƙofa, ta bi foldojin da kanta. Ga su nan duka, ko ɗaya bai ɓace ba. Aji Huɗu. Labarin Ƙasa.

Ta tsaya tana kallon ɗan lanƙwasar da ke kan dal ɗin, da wanda ke kan kaf ɗin.

Irin mahaɗin da suke amfani da shi kamar adireshi ne a bayan ambulan: sunan unguwa, sunan layi, sunan gida. A sauya harafi ɗaya, ɗan aike ya koma da saƙo. Kuma a duk ginin nan mutum ɗaya ne zai zauna ya bi sunayen foldoji yana sa musu ƙugiya.

"Kin ga wani abu?" in ji Manaja.

"Na ga ba a goge komai ba. Ka ɗauki wayarka ka gaya wa mai maɗaba'a haka, ni kuma ka ba ni ɗan lokaci."

Yana juya baya Mai Zane, mai tsara shafukan littafi, ta turo kujerarta mai taya ta leƙo. Ido ɗaya ta yi wa allon ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Baba."

"Rufe bakinki."

"Ai ba bakina ne matsalar ba, yaya, baƙinsa ne."

Ɗakin Baba Ƙugiya yana ƙarshen baranda, tsohon sito ne da aka fasa wa taga. Tebur ɗaya, fanka mai kuka, ƙamusoshi jibge har sun lanƙwasa kantar da suke kai. Shi ne mai duba rubutu na kamfanin tun kafin a ɗauki kowa a cikinsu. Malamin makaranta ne da, dogo, siriri, mai tsabta kamar sabuwar takarda. Ana cewa tsofaffi na tsoron na'ura. Inda ma haka ne. Matsalar Baba ita ce bai ji tsoronta ba ko kaɗan. Watan jiya aka ba shi izinin shiga rumbun, 'yarsa kuma da ta zo ganin gida ta saka masa haruffan Hausa a kwamfutarsa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Shigo, shigo." Fuskarsa sai haske take. "Kin ga aikina?"

Ta ja kujera ta zauna. Ta so a ce ya ɓoye, da ya fi mata sauƙi.

"Asabar da Lahadi na yi a kai," ya ce. "Tsohuwar tawa har ta ce in ɗauki katifata in kawo ofis. Amma ki duba fa, Labarin Kasa! Kasa, macijiya! Mu da muke koya wa yara rubutu. Wani ma an sa masa An kare. An kare wa? Daga me? Ban ce wa kowa komai ba, na ce bari in share gidan, ku zo ku tarar da shi fes."

"Baba, ka ji hayaniyar da ake yi a waje?"

"Na ji Manaja na faɗa. Ai kullum Litinin yana faɗa."

Ta yi masa bayani a hankali, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta gaya masa zancen adireshi da ɗan aike, da akwatunan da mai maɗaba'a ya gani, da injin da ke jira, da rantsuwar da aka yi. Tana magana hasken fuskarsa na janyewa. Da ta gama ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni na ɗauka suna riga ce," ya ce. "A sauya ta, mutum na nan."

"A wannan rumbun, Baba, suna shi ne ƙofar."

"Ya san ni ne?"

"Bai sani ba tukuna. Amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba."

"Wa ya ce ki yi?"

Ya miƙe, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa, ya bi baranda tana biye da shi. Bai jira a keɓe ba. A tsakiyar ofis, gaban kowa, ya tsaya ya ce, "Manaja, ni ne. Na gyara sunayen foldoji ba tare da na tambayi kowa ba. Ban san abin da zai jawo ba, amma rashin sanin ma laifina ne, don ga wadda zan tambaya nan kusa."

Manaja ya shirya wa ɓarawon intanet, ya shirya wa ma'aikacin da zai yi musu. Bai shirya wa wannan ba.

"Baba, kai ma? To ka ji abin da na faɗa. Ni ba na..."

"Ranka ya daɗe," Injiniya ta katse shi, muryarta ba ta tashi ba. "A yi wannan da yamma. Yanzu ka zaɓa. Zan iya mayar da rumbun gaba ɗaya yadda yake ranar Juma'a, amma duk gyaran da Mai Zane ta yi a ƙarshen mako zai tafi."

"Sai dai ku mayar da ni tare da shi!" in ji Mai Zane. "Bayana har yanzu bai miƙe ba."

"Zan iya ɗaura sabon mahaɗi ga kowane hoto a kowane shafi. Wannan sai jibi ko gata. Ko kuma a mayar wa kowace folda sunanta na da, daidai yadda yake, kuskure da kuskure. In aka yi haka tsofaffin mahaɗai za su farfaɗo da kansu."

"To a yi hakan mana!"

"In ni kaɗai ce, sai na tono kowane suna daga cikin mahaɗinsa, ɗaya bayan ɗaya. Dare zai yi ban kai rabi ba. Amma akwai wanda ya kwana biyu yana kallonsu." Ta juya ta dubi Baba. "Ka tuna yadda suke?"

"Kowane ɗaya," ya ce. "Abin da ya daɗe yana cizon mutum ai ba ya manta kamanninsa."

"To, ranka ya daɗe, in ka ga dama ka sallame shi da yamma. Yanzu nawa ne."

Aka ɗauko kwamfutar Baba aka ajiye kusa da tata. Tsarin mai sauƙi ne: shi zai rubuta tsohon suna, ita ta danna mahaɗi ta gani ko ya tashi.

Na farkon ya fi ba shi wuya. Ya goge Ƙasa zai rubuta Kasa, yatsansa ya je ya sa ƙugiyar da kansa. Ya goge, ya sake, ƙugiyar ta dawo.

"In cire maka haruffan Hausar na yau kawai?" ta ce. "Sai hannun ya huta."

"Bar su. In zan rubuta kuskure, in rubuta shi da sanina."

Ya ja numfashi, ya danna kaf mara ƙugiya kamar mai taka ƙaya. Ta danna mahaɗin. Da'irar ta juya sau ɗaya, taswira ta cika allon, koguna shuɗaye, duwatsu ruwan ƙasa. Mai Zane ta yi tafi. Baba bai ɗago ba.

Daga nan hannunsa ya sake. Ashe ba ƙugiya kawai ya gyara ba: ya raba kalmomin da aka manne, ya haɗe waɗanda aka raba, ya rage wa manyan baƙaƙe girma. Yanzu duk sai ya mayar, kuma yana mayarwa yana ambaton mai laifi.

"Wannan ayi gyara ne, babu tazara. Na Mai Zane ne. Ita manne kalmomi take yi kamar tana tsoron su gudu."

"Baba, ni fa ba ni na kashe ofis yau ba."

"Gaskiya ne, 'yata. Ni na kashe. Amma ayi ɗin naki ne." Ya matsa gaba. "Wannan duka da manyan baƙaƙe. Na Manaja ne, shi ko a rubuce ihu yake."

Manaja, da ke kai da kawowa a bayansu, ya yi kamar bai ji ba.

Suka iso wata folda mai 'ya'ya da yawa. Baba ya jera musu lambobi a tsare ranar Lahadi. Yanzu ya rufe ido ya karanto su yadda iyayensu suka raɗa musu: na karshe, na karshe sabo, na karshe sosai, na karshe wallahi. Injiniya ta danna, duk suka tashi.

Ba kasafai take yabon mutum ba, yau ɗin ma ba ta yaba ba. Amma ta daina duba allonsa kafin ta danna. Ta ga mutane da yawa sun yi ɓarna a na'ura, kuma ta san yadda suke yi: wani ya ce ba shi ba ne, wani ya ce haka ya tarar, wani ya tsaya yana ba da haƙuri har ya hana aiki. Ba ta taɓa ganin wanda ya zauna yana rushe aikin da yake alfahari da shi da irin kulawar da ya gina shi ba. Inda aka sa ɗigo biyu a da, ɗigo biyu ya mayar. Inda aka rubuta hotona maimakon hotuna, ya rubuta hotona, ya cije leɓe, ya wuce.

Da rana ta take wayarta ta yi ƙara. Ta maƙale ta a kafaɗa, hannu na kan aiki.

"Abban yara, kai za ka ɗauko su yau. A'a, ba zan iya fita ba. Ka duba jakar autar, ta bar kwalbar ruwanta jiya. Me ya lalace? Babu abin da ya lalace, gyara ne ya yi yawa."

Baba ya ɗan murmusa, karo na farko tun safe.

Aka kawo abinci, ya huce a gefen tebur. Baba ya zuba shayi daga fulas ɗin da matarsa ta haɗo masa, ya tura wa Injiniya kofin, shi ya sha a murfi. Mai maɗaba'a na kira yana faɗin shafukan da suka cika: na goma ya fito, na sha ɗaya ya fito, saura kaza. Inuwar tagogi ta fara miƙewa a kan tebura.

Sai ya rage folda ɗaya, wadda bangon littafin ke ciki. Mai Zane ta karanta sunan da ke kanta yanzu ta ɗaga hannu sama.

"Baba! Wannan fa an rubuta ƙarara kar a taɓa, ka taɓa!"

"Ba haka aka rubuta ba. Kar a taba aka rubuta. Taba aka hana, ni kuwa ban taɓa sha ba."

Har mai shara da ke bakin ƙofa sai da ta yi dariya. Baba ya cire ƙugiyar ya rubuta Kar a taba. Injiniya ta danna. Ba a sami abin da ake nema ba.

Ya gwada da manyan baƙaƙe. Ba a samu ba. Ya sa alamar motsin rai a ƙarshe. Ba a samu ba. Dariyar ta ɗauke. Wayar Manaja ta soma ruri, kowa ya san mai kiran.

"Haka yake, wallahi haka yake," in ji Baba. "Kar a taba. Ina ganinsa a idona."

"Na yarda da idonka, Baba. Bari mu nemi abin da ido ba ya gani."

Ta kwafi mahaɗin ta zuba a farin shafi kamar yadda ta yi da safe, ta sauko da tabarau daga goshi. A cikin mahaɗi, tazara ba fili ba ce, wata 'yar alama ce ake sa wa a madadinta. Ta bi da farce: bayan kar, alama ɗaya. Bayan a, alama biyu.

"Tazara biyu ce tsakanin a da taba."

Baba ya dafe kai. "Ita ce. Na ga ta yi faɗi na rage ta. Ban ma lissafa ta cikin gyara ba."

Ya ƙara tazara ɗaya a sunan. Ta danna mahaɗin. Bangon ya fito, kore shar, da yara riƙe da ƙwallon duniya. Manaja ya ɗauki wayar ya sa ta a fili, suka ji mai maɗaba'a yana cewa, "To, Allah ya yi. Ku faɗa wa mai aljanun naku ya huta." A bayan muryarsa injin ya soma gurnani.

Baba ya rufe fulas ɗinsa, ya naɗe wayar cajin kwamfutarsa a tsanake, ya miƙe tsaye. Manaja ya tsaya yana murza goshi.

"Baba, ka san na rantse a gaban mutane."

"Na sani. Ba zan ce ka karya ba. Abu ɗaya zan faɗa, ko ina nan ko ba na nan, don kada ka ce na ɓoye maka." Ya nuna allon da haɓa. "In aka bar ni da izinin nan, wallahi zan sake. Yanzu haka ina kallon Labarin Kasa, yatsana ƙaiƙayi yake. Zan daure mako ɗaya, wataƙila biyu. 'Yar nan, in za a bar ni, ki ɗaure mini hannu."

Manaja ya dube shi, ya dubi rufi. Wani abu mai kama da dariya ya zo masa ya haɗiye.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Zane, "cewa ka yi zai tattara nasa ya nasa. Ai ya tattara. Ƙugiyoyinsa kaf ya kwashe, ko ɗaya bai bar mana ba."

"Ke, wa ya sa bakinki?" Ya juya wajen Baba. "Littafin aji biyar na kan teburina, ba a duba shi ba. Ka zo da wuri gobe. Masu kamfani ni zan ji da su." Sannan ya nuna Injiniya da yatsa. "Amma ko wasali ɗaya kada ya ƙara iya canjawa a rumbun nan. Kin ji ni?"

"Na ji. Ko wasali."

Ya shige ofishinsa ya turo ƙofa.

Injiniya ta buɗe shafin izini ta nemo Baba. A gaban sunansa an rubuta mai gyara. Ta danna, zaɓi ya sauko. A can ƙasa akwai mai kallo: ya gani, ya yi shiru. A tsakiya kuma akwai wani da ba wanda ya taɓa amfani da shi a kamfanin, mai sharhi. Ta ɗan jima tana dubansa, sannan ta danna na tsakiyar.

"Baba, matso ka gani. Hannunka a ɗaure yake, ba abin da za ka iya sauyawa. Amma in ka ga abin da bai yi maka ba, ka danna nan ka rubuta ra'ayinka a gefe."

"Wa zai karanta?"

"Na'urar da kanta za ta aika wa mai foldar. Nan take, a wayarsa."

"Foldojin nan na wane ne?"

"Yawancinsu da sunan Manaja aka buɗe su."

Baba ya ajiye fulas ɗin. Ya ja kujera ya zauna, ya warware wayar cajin da ya naɗe.

Ta kashe kwamfutarta, ta ɗauki jakarta da abincinta da ya huce. Tana kan matakala ta ji wayar Manaja ta yi ƙara ta bayan ƙofa, ƙaramar ƙarar nan ta shigowar saƙo. Kafin ta kai ƙasa ta sake yi. Ta sake.

"Injiniya!"

Ta gaida mai gadi, ta tambaye shi jikin matarsa, ta fita neman mota.